Ko Ya Halatta Mai-bi Ya Harbi Naman da Doka Ta Hana?

Ya kai mai-karatu, wataƙila ubanka maharbi ne, ka tashi kana ganin baka da kwari a rataye cikin ɗaki. Yanzu ka shiga hanyar Almasihu, ka kuwa ji an ce akwai namun jeji waɗanda doka ta hana a kashe. Zuciyarka tana cewa, Ashe ba Allah ne ya ba mutum mulki bisa dabbobi ba? Ina ruwan hukuma da abin da ke cikin jeji? Tambayan nan ba ta wauta ba ce. Bari in amsa maka da labarin raƙumin dawa.

A zamanin kakanninmu raƙuman dawa suna yawo tun daga Senegal har bakin tafkin Chadi. Aka yi ta harbinsu domin nama da fata, aka sare itatuwan da su ke ci, fari kuma ya zo ya ƙara musu wahala. Sa'anda aka ƙidaya su cikin shekara ta 1996, sai aka iske wajen 50 kaɗai suka rage cikin dukan Afirka ta Yamma, suna ƙasar Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Garken Bafillace guda ya fi su yawa. Ta macen kuwa ta kan yi wata 15 da ciki, kāna ta haifi ɗa ɗaya. Kowane maharbi ya kan ce, Guda ɗaya kaɗai na kashe. Gaskiya ya faɗi. Amma da maharba 50 sun faɗi haka a shekaran nan, da irin ya ƙare ƙaf, ba kuwa sarkin da ke da ikon komo da shi.

Cikin 1998 ƙasar Nijar ta kafa dokar farauta wadda ta rarraba namun jeji. Waɗansu a kan harbe su da takardar izini, a lokacin da aka buɗe farauta. Waɗansu kuwa ba a taɓa su ko kaɗan, raƙumin dawa yana cikinsu. Wanda ya ƙetare, tara da kurkuku suna jiransa. Har wa yau akwai alkawarin da ƙasashe suka ƙulla a Washinton cikin 1973 domin lura da cinikin namun jeji tsakaninsu, aka shigar da raƙumin dawa ciki a 2019, domin kada fatarsa ta ƙetare iyaka sai da takarda. Malaman daji da mutanen ƙauyuka suka yi tsaro, har raƙuman suka kai wajen 600 a 2017.

Ka ga dai mulkin da aka ba mutum irin na wakili ne, wanda za a tambaye shi lissafin dukiyar ubangijinsa. Nuhu bai zaɓi dabbobin da a ke ci kaɗai ya shigar cikin jirgi ba. Manzo Bulus kuma ya koya wa Romawa biyayya ga mahukunta saboda lamiri, ba domin tsoron horo kaɗai ba. Wato ko inda malamin daji ba ya gani.

Amma ba zan ɓoye maka wuyar abin ba. Raƙuman nan su kan shiga gona su cinye wake, su kan kai wa mangwaro baki, manomi kuwa talaka ne, yaransa suna jiran rumbu. Mutumin birni da ke murna da ganinsu ba shi ne ya yi noman ba. A ganina dokar da ta kāre dabba ta manta da mai-gona ba ta cika adalci ba tukuna, ya kuwa kamata masu-bi su faɗi haka a gaban hukuma ba tare da tsoro ba. Duk da haka waken ya kan sāke tsirowa baɗi. Kadan abin ya same ka, ka kore su, ka kai kuka wurin mai-gari da malamin daji, ikilisiya kuma ta ɗiba daga rumbunanta ta taimake ka, gama nauyin ba naka ba ne kai kaɗai.

Cikin 2018 aka ɗauki raƙuman dawa 8 daga Kure a mota, aka kai su jejin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi shekaru da yawa ba a ga sawunsu ba.