Ba Kowane Basɗu Ba Ne Fatahi: Nasiha Kan Ciwon Bifolar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyas da sauran waliyyai.

Bayan haka, ya ku ƴan uwana ahbabu, ni ɗalibi ne a jami'a, ƙaramin almajiri a wannan hanya. Abin da na gani da idona ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta.

Bara, bayan mun dawo Maulidi daga Kiyota, wani ɗan uwa da muke ɗaki ɗaya ya canza. Barcinsa bai wuce awa biyu, kuma ba ya jin gajiya. Yana kwana zikiri, da safe ya yi ta magana babu tsayawa, daga wannan zance ya faɗa wancan. Kuɗin bursu da ya karɓa ya rabar a yini ɗaya, ya sayar da kwamfutarsa ya rabar. Ya ce an ba shi wani muƙami, an sanar da shi sirrin da ba a sanar da kowa ba. Mu kuwa muka ce ya samu fatahi, har wasu suna neman addu'arsa. A mako na uku ya bar wazifa, ya fara sakin sallah, ya ɗaga murya ga muƙaddaminmu a gaban jama'a.

Bayan wata biyu sai ya faɗi warwas. Ba ya fita, ba ya cin abinci, wanka ma ya gagare shi. Yana cewa shi munafuki ne, Allah ya kore shi. Wani dare ya ce mini mutuwa ta fi masa. Na garzaya wajen muƙaddami ina kuka. Malam ya yi masa addu'a, sa'an nan ya ce: "Ɗana, wannan ba hali ba ne, ciwo ne. Gobe da ni za a je likita." Da kansa ya raka shi. Can aka gaya mana sunan abin: bifolar, wato ciwo mai gefe biyu.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kai mutum ƙololuwa, sa'an nan ya jefa shi rami. Gefen hawa yakan kai mako ɗaya ko fiye: ƙarancin barci, ƙarfi fiye da kima, saurin magana, saurin fushi, ɓarnar dukiya, ganin kai ya fi kowa. Gefen sauka yakan kai mako biyu ko fiye: baƙin ciki, mutuwar jiki, yanke ƙauna, tunanin kashe kai. Tsakaninsu mutum yakan dawo lafiya lau na watanni, shi ya sa ake cewa ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi. Ya fi bayyana a shekarun samartaka, wato shekarunmu. Akwai gado a cikinsa, kuma rashin barci, tashin hankali, wiwi da taramol suna iya tayar da shi.

Ƴan uwa, malaman hanya sun yi bayanin ƙablu da basɗu, kamar yadda Imam Ƙushairi ya yi a Risalarsa. Halaye ne da Allah ke saukarwa a zuciyar mai suluki. Amma sun ba mu ma'auni, shi ne shari'a. Halin gaskiya yana ƙara wa bawa ladabi, da kiyaye lokutan sallah, da ganin ƙanƙantar kansa. Basɗun da ya raba mutum da barci da sallah da girmama malaminsa abin bincike ne. Ƙablun da ya kai shi ga ɗebe tsammani daga rahamar Allah, shi ma haka. Ba ina musun jazbu ba ne. Ina cewa ni da kai ba mu isa mu yanke hukunci a fada muna shan shayi ba. Murabbi ya san fagensa, likita ya san nasa.

Zuwa likita ba ya rage tawakkali. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu kowace cuta da Allah ya saukar, ya saukar da maganinta. Ya hana Abdullahi ɗan Amru kwana sallah kullum da azumi kullum, ya tuna masa haƙƙin jikinsa da idonsa. Magabata sun fahimci haka. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai tare. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu ciwon hankali.

Ga abin da za mu yi in mun ga alamun nan. Mu sanar da iyaye da muƙaddami. Mu kai shi gidan likita mafi kusa, su tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar wanda ke Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Mai raka shi ya faɗi labarin gefe biyun duka, domin in aka ba shi maganin baƙin ciki kaɗai yana iya tayar da gefen hawa. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magani da igiya da wuƙa, a tafi da shi ranar. Duka da mari da ɗauri da sarƙa da sunan fitar da aljanu zalunci ne. Ruƙya da addu'a su tafi tare da magani.

Kai kuma ɗan uwa mai ciwon, kada ka bar magani don ka ji sauƙi, nan ne ciwon ke dawowa. Mai shan litiyom yana buƙatar awon jini lokaci-lokaci, kuma ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi yana iya mayar da maganin guba. Don haka ka tambayi likita kafin azumi, Allah ya yi rangwame ga mara lafiya. Ƴar uwa mai shan balfurowat ta yi shawara da likita kafin ɗaukar ciki, domin yana cutar da ɗan tayi. Ka riƙe lazimi da wazifa da zikirin Juma'a, ka bar raya dare gaba ɗaya, ka kwanta da wuri. Abin da ka faɗa lokacin da hankali ya gushe, an ɗauke alƙalami a kansa.

Ɗan uwanmu ya rasa shekara ɗaya ta karatu, kuma har yanzu akwai masu nuna shi da baki. Amma ya koma aji, yana shan maganinsa, yana zama tare da mu a wazifa. Ni kuwa ina neman gafarar Allah kan makonnin da na yi ina yabon ciwonsa.

Ya Allah, don alfarmar Annabi (SAW), ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka ba iyalansu haƙuri, ka ba mu basirar gane hali da ciwo. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.