Ɗinkin da Aka Warware

Asu da gara ɓarnarsu a fili take. Wadda ba a cika lura da ita ba ita ce ta masu son tufar.

A gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington akwai wata tutar Amurka ta ulu da Mary Pickersgill ta ɗinka a 1813, wadda aka kafa a sansanin Fort McHenry lokacin da Turawan Ingila suka kai hari a 1814. Tsawonta na asali ƙafa 42 ne, yanzu saura 34. Ba yaƙi ne ya cinye sauran ba. Iyalan kwamandan sansanin ne suka riƙa yankar ƙyalle suna ba manyan baƙi tsaraba, har tauraro guda ya tafi a haka.

A 1914 aka kira Amelia Fowler da mata goma su ceto ta. Suka yi mata shafi da yadin lilin, ɗinki kusan miliyan 1.7, aikin da babu mai raina shi a zamaninsa. Da ƙarfin shafin nan aka rataye ta shekara da shekaru, haske na cin launinta, ƙura na shiga saƙar, nauyinta kuma na jan zaren da ya riga ya gaji. Da aka sauke ta a 1998, aikin farko na masana adana tufafi shi ne warware ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya da ƙananan almakasai, suna kwance rub da ciki a kan wata gada da aka gitta a samanta don kada nauyin kowa ya taɓa ta. Hujojin da ke jikin tutar ba su cike su ba. Tun 2008 tana kishingiɗe a ɗaki mai duhu-duhu, ba za ta sake ratayuwa ba.

Shi ya sa masu wannan sana'a yau ba sa son gyaran da na baya ba zai iya cirewa ba. Ni kam nakan tuna da su in na ga an ciro babbar rigar kaka daga adaka, mai aska takwas, an ce a kai wa mai wanki da guga don ta fito fes ranar salla. Tsohuwar saƙa ba ta jure sabulu da dutsen guga, kuma a kan layin ninki take fara tsagewa. Da a gidan tarihi ne, shimfiɗa ta za a yi a faffaɗan akwati, a cusa lallausar takarda a duk inda dole sai an ninke.