Hutun Yaron Kanti

Ya kai mai-karatu, ko ka riga ka soma bin tafarkin Almasihu, ko kuwa kana bincike tukuna, an gaya maka Lahadi ranar hutu ce da sujada. Gaskiya ne. Amma hutun nan na wane ne? Naka ne kai kaɗai, ko har da yaron da ya ke tsaye a bayan teburin kanti?

Ka duba doka ta huɗu cikin Littafin Fitowa sura 20, da Kubawar Shari'a sura 5. Ba maigida kaɗai aka ambata ba. An lissafta 'ya'yansa, da barorinsa maza da mata, da baƙo, har da dabbobinsa. Dalili kuwa a fili ya ke: maigida ya kan huta sa'anda ya ga dama, amma bara ba shi da hutu sai an ba shi.

Ka ji yadda aka yi fama da wannan al'amari a Ingila. A can da, ma'aikatan kanti su kan tsaya tun da safe har dare ya yi nisa. A shekarar 1886 majalisa ta kafa doka, kada aikin yaron kanti wanda bai kai shekara 18 ba ya wuce awa 74 a mako. In wannan ne sauƙi, to, yaya wahalar ta ke? A 1899 aka umarta a ajiye kujera ɗaya domin kowaɗanne mata uku masu-sayarwa. A 1911 aka ba ma'aikata hutun rabin yini kowane mako. Dokar 1950 ta hana yawancin ciniki ran Lahadi, sai waɗansu kaya da aka keɓe. A 1986 gwamnati ta nemi ta kawar da hanin nan, majalisa ta ƙi. Amma a 1994 aka yardar wa manyan kantuna su buɗe awa 6 ran Lahadi, ƙanana kuwa ba iyaka. Aka kuma ba ma'aikaci ikon ƙin aikin Lahadi, in ya ba da sanarwar wata 3 a rubuce.

Doka abu ne mai-kyau, gama ta kan tsare marar-ƙarfi. Duk da haka ba ta isa ba. Talaka mai-iyali, wanda ya ke tsoron ɓacin ran maigidansa, da wuya ya buɗe baki ya nemi abin da doka ta ba shi. Inda doka ta tsaya, daga nan tsoron Allah ya kamata ya ɗauka.

In kana da kanti fa, kada ka zauna a majami'a kana waƙa, yaronka yana can yana auna maka sukari. Wannan ba kiyaye ranar ba ne, aza wa wani kayanka ne. Ka rufe ƙofa, ka sallame shi, kada kuma ka rage masa ko kobo. In Musulmi ne, ka sake shi ya tafi Juma'a da daɗin rai.

In kai mai-saye ne, kana da hannu a ciki, gama ba a buɗe kanti sai domin masu-zuwa. Gishiri da kananzir da za ka bukata, ka saye su tun ran Asabar.

Amma ka yi hankali da girman kai. Ubangijinmu ya warkar da marasa-lafiya ran Assabbaci, bai kuwa yi laifi ba. Mai-sayar da magani yana aikin jinƙai. Gwauruwar da ba ta da tuwon dare sai ta sayar da ƙosanta, kada ka hukunta ta. Ka taimake ta har ita ma ta iya hutawa.

Ran Lahadi mai-zuwa, kafin ka fita daga gida, ka tambayi zuciyarka: akwai wanda ya ke tsaye yau domin ni in zauna? In akwai, ka tafi ka sallame shi tukuna, kana ka zo sujada.