Mai Roƙon Da Ya Ɓoye Wuƙa



Da yawanmu mun kalli fim ɗin Indiyan nan Darr na 1993, tun zamanin kaset. Shah Rukh Khan ne ya fito a Rahul, wanda son Kiran ya rufe wa ido, alhali tana da wanda za ta aura, Sunil, sojan ruwa. Ya addabe ta da waya, ya shiga gidansu ta hanyar abota da yayanta, har ya kashe abokinsa ya ɗora masa laifin. Amma inda ya fi tsaya mana a rai shi ne wajen ƙarshe. Sunil ya ritsa shi a daji, Rahul ya hau roƙon gafara, Sunil na sassautawa sai ya soka masa wuƙa.

To, Sunil ya yi kuskure da ya ji tausayi?

Ba don fim muka kawo zancen ba. Kwanaki wani bawan Allah ya zo mana a nan Agege, hankali a tashe. Wani yaro ya nace wa 'yarsa, ta ce ba ta so, shi kuma ya ce in ba a ba shi ita ba zai sha guba, kuma haƙƙinsa na wuyansu. Yarinyar ta daina cin abinci, har ta fara cewa a ɗaura kawai, kada ta ɗauki alhakin rai.

Ku duba fa, yaron nan bai nemi zuciyarta ba. Tsoron Allahn da ke cikinta ya kama ya yi linzami da shi. Da marar imani ce, ai ko a jikinta.

Wasu dattawa suka ce rai ba abin wasa ba ne, kuma gaskiyarsu. Mu ma ba mu ce ƙarya yake yi ba, wataƙila da gaske ba shi da lafiya. Sai dai mai ciwo asibiti ake kai shi, ba ɗakin amarya ba. In aka biya shi da aure yau, gobe da me zai tsorata ta?

Mun kira kawunsa da ubangidansa na kasuwa, mun ce su kai shi ga likita, kada su bar shi shi kaɗai. Ita kuma mahaifiyarta ta canza mata layin waya. Jiya aka ce ta ci tuwo.