'Yar Aikin Gidanka da Lissafin Shekarar 2050

Akwai masana a Turai da aikinsu shi ne ƙirga mutanen da ba a haifa ba tukuna. Cibiyar Wittgenstein da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, tana fitar da hasashen yawan jama'ar ƙasashe har zuwa shekarar 2100. Ba jimilla kaɗai take bayarwa ba, tana rarraba ta maza da mata, rukunin shekaru, da matakin karatun da kowa ya kai. A cikin jadawalin akwai layi guda na 'yan mata matasa waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. A ƙasashe da yawa layin nan ya kusa shafewa. Namu na Najeriya yana cikin mafiya kauri a duniya, kuma kowa ya san daga wane ɓangaren ƙasar kaurin ya fito.

Tambayar farko da Musulmi zai yi ita ce: wannan ba shisshigi ba ne cikin gaibu? Wa ya san gobe, balle 2050? Tambaya ce mai kyau, amma duk ɗan kasuwa ya san amsarta. Kafin watan azumi ya kama muna sayen sukari da dabino da gero mu ajiye, don mun san yadda ciniki yake tafiya kowace shekara. Ba wanda ya taɓa kiran wannan duba. Annabi Yusuf, alaihis salam, ya tsara wa Masar ajiyar hatsi na shekara bakwai saboda shekara bakwai na fari da ke tafe. Su ma masanan nan ba lissafi ɗaya suke fitarwa ba. Suna cewa idan shigar yara makaranta ta tsaya yadda take, ga adadin da za a samu, idan kuma aka ƙara himma, ga wani adadin daban. Boka cewa yake abu kaza zai faru. Mai hasashe cewa yake in kun ci gaba a haka, ga inda hanyar ta nufa. Wannan "in" ɗin a hannunmu yake, shi ya sa maganar ta zama ta alhaki.

To mu yi lissafin da kanmu, ba sai da kwamfuta ba. Budurwar da za ta cika shekara 20 a 2050, a 2030 za a haife ta. Uwarta kuwa tana raye yau, yarinya ce 'yar sha biyu zuwa sha biyar. Ina take? Wata tana ƙauye a Katsina ko Jigawa. Wata kuma tana nan Gwarinpa, a kicin ɗinmu. Ita ce take tashi kafin asuba ta ɗora ruwan wanka, ta shirya yaran gida, ta riƙe musu jakar littattafai har bakin mota, sannan ta koma ga wanke-wanke. Wata tana ɗauke da faranti tana talla a gefen 3rd Avenue da rana tsaka, lokacin da sa'o'inta suke aji. Mun ɗauko ta daga gida da sunan taimako, kuɗin watanta ana tura wa iyaye ko matar da ta kawo ta. Bayan shekara uku ko huɗu a mayar da ita a yi mata aure, mu sayi kayan ɗaki, a yi ta shi mana albarka. Ta tafi ba ta iya rubuta sunanta ba.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna macen da ba ta yi makaranta ba tana haihuwar 'ya'ya 6.7 a matsakaici, wadda ta wuce sakandare kuwa 3.4. Kada a fahimce ni a baibai, ni ba na cikin masu ƙin haihuwa, 'ya'ya arziki ne. Abin da nake nunawa shi ne jahilcin mace ɗaya ba ya tsayawa a kanta, gado yake zama, kuma magadan suna da yawa. Ƙidayar 2006 ta ce mu miliyan 140 ne. Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen za mu haura miliyan 350 a 2050. Uwayen wannan taron jama'a su ne yaran da muke aike yau.

Na san abin da wasu za su ce: ai Turawan nan ba sa ƙirga makarantar allo. Gaskiya ne, gwamnatinmu ma tana sa yaron da allo kaɗai yake yi cikin waɗanda ba sa makaranta, kuma wannan ya daɗe yana yi mini ciwo, ni da Islamiyya ce ta raine ni. Amma mu ji tsoron Allah, 'yar aikin nan allon ma tana zuwa? Lokacin da yaran gida suke tafiya Islamiyyar yamma, ita ce ake bar wa jinjiri. Ba boko, ba Muhammadiyya. Don haka wannan hujja ba ta wanke mu ba.

Kuma ba daga Biyana aka fara yi mana wannan faɗan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu cikin duhu. A lura, har bayi ya ambata. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu. Yarinyar da ke gidanmu ba baiwa ba ce, 'yar Musulmi ce da aka ba mu amana.

Wani zai ce ba shi ya haife ta ba, nauyin na ubanta ne. Uban yana da nasa kason. Sai dai wanda yake cin moriyar safiyarta da yammacinta shi ne ya mallaki lokacin da za ta yi karatun da shi. Uba a ƙauye ba zai iya sa ta a makarantar Abuja ba, maigidan da take kwana ƙarƙashin rufinsa zai iya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu kyauta ga kowane yaro, ba ta cire 'yar aiki ba. Firamaren gwamnati na nan cikin unguwa, Islamiyyun masallatanmu ma na nan. Kuɗin yunifom ɗinta da littattafanta na shekara bai kai abin da wasunmu suke biya wa ɗa guda a zango ɗaya a makarantar kuɗi ba.

Abin da ya fi wuya ba kuɗin ba ne. Wanke-wanken safe ne. In ta tafi makaranta ƙarfe bakwai da rabi, dole wani ya yi shi: ko uwargida, ko 'ya'yan gida su raba a tsakaninsu kafin su fita, ko a ɗauki babbar mace a biya ta albashin babba.