Shin Kishin Gari Ya Halatta Ha'inci?

A ƙasar Zuru, idan kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, samarin Dakarkari su kan taru don kokawa. Mutumin Dirin Daji da ya taɓa tsayawa a bakin fage ya san ɗan kokawa ba don kansa kaɗai ya ke shiga ba. In ya yi kaye, a ce garinsu ya yi kaye; in ya faɗi, 'yan garin duka su koma gida kai a sunkuye. To, wanda aka ɗora wa wannan kaya, ya halatta ya yi ha'inci don kada garinsu ya ji kunya?

A ƙasashen sanyi akwai wasan ƙwallon gora da a ke yi a kan ƙanƙara, mutum shida kowane gefe, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. Cikin Satumba 1972 Kanada da Tarayyar Sobiyet suka shirya karawa takwas, huɗu a Kanada, huɗu a Mosko. Mutanen Kanada sun ɗauka wasan gadonsu ne, ba mai ja da su. Amma da aka yi biyar, Sobiyet ta ci uku, Kanada ɗaya, ɗaya kuwa aka tashi canjaras.

A karawa ta shida Bobby Clarke na Kanada ya ɗaga gora ya sari gwanin Sobiyet, Valeri Kharlamov, a idon sawu da gangan, ƙashin ya tsage. Kharlamov bai shiga ta bakwai ba, ta takwas kuwa da ciwo ya yi ta. Kanada ta cinye ukun nan na ƙarshe, aka yi ta murna.

Waɗansu su kan ce Clarke kishin ƙasa ya yi, gama sunan mutum miliyan ashirin ya fi ƙafar mutum guda. Maganar tana da kama da gaskiya, amma a duba abin da a ke nema a fage. An taru ne don a san wanda ya fi gwaninta. Wanda ya karya ƙafar abokin karawarsa ya hana a sani, har abada kuwa, tun da ba a sake wannan karawa. Watau ya cuci Kharlamov, ya kuma cuci 'yan'uwansa, gama mai yiwuwa ne da sun ci ko ba saran. Shekaru sun shuɗe, duk inda aka ambaci nasarar sai an ambaci idon sawun.

Haka a ke a fagen kokawa. Saurayin da ya watsa wa abokinsa ƙasa a ido ya kā da shi, ya bar wa garinsu abin gori. Wanda ya faɗi da gaskiya kuwa, ya kan karkaɗe jiki ya jira kaka mai zuwa, dattawan garinsu kuma su shiga kasuwa ba mai nuna su da baki.