Gyaran da Ya Fi Yabo Amfani

Wata Laraba a garin Gwiwa, bayan na kammala horar da wakilan wani kamfanin taki kan yadda ake cike rajistar bashin manoma, sai wani dattijo ya dakata har kowa ya watse. Ya ce: "Malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai yau da allo ka yi hira, mu ƙeyarka muka sha kallo. Turanci ya yi yawa, saurinka kuma ya hana mu tambaya." Na ce: "Na gode, Baba," alhali zuciyata tana tafasa. A jakata akwai takardun jin ra'ayi da mahalarta suka cike, kusan kowa ya rubuta "madalla". Har na isa Kazaure ina tambayar kaina: wa zan gaskata, takardun da suka yabe ni, ko mutum guda da ya fasa mini ƙwai?

Da a lissafi ya kama ni da kuskure, da na gyara ban ji komai ba. Amma ya taɓa muryata da tsayuwata da harshena, abubuwan da mutum yake ɗauka su ne shi kansa. Don haka na shiga kare kaina: abin da na koyar daidai ne, salo kuwa ado ne kawai.

Wannan hujja ba ta kwana ba. Wakilan nan za su koma ƙauyuka su rubuta buhunan da manoma suka karɓa kafin damina, don a biya da kaka. Wanda bai gane inda ake rubuta abin da aka biya da inda ake rubuta saura ba, zai iya sa a bi talaka bashin da ya riga ya sauke. Ilimin da ya tsaya a bakina bai isa kunnensu ba, amana ce da ban isar ba.

To, yabon takardun fa? Mu Hausawa muna da kunya da kara. Da wuya mutum ya rubuta aibin malami, balle baƙo. Kuma ko inda babu kara, jin daɗin mai sauraro ba shaidar fahimta ba ne. A 1970, masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka sun ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo, suka gabatar da shi a matsayin Dakta Fox, ya yi wa ƙwararru lacca mai cike da maganganu masu karo da juna, cikin fara'a da ƙarfin gwiwa. Yawancinsu suka yaba masa. Tun 1959 Donald Kirkpatrick ya kasa auna horo mataki huɗu: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, yadda aikinsu ya sauya, da sakamakon da aka samu. Takarduna matakin farko kaɗai suka auna. Dattijon kuwa a kan na biyu ya yi magana.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a cikin Ihya'u Ulumiddin hanyoyi huɗu na sanin aibin kai: malami mai basira, aboki mai gaskiya, bakin maƙiya, da lura da halayen jama'a. Idan har daga maƙiyi ana tsintar gyara, ina dalilin ƙin na wanda ya jira aka watse don kada ya kunyata ni? Ya cika ladabin nasiha. Saura ni in cika ladabin karɓa.

Ban ce kowane gyara abin bi ba ne. An taɓa ce mini in ƙara barkwanci in rage aikin gwaji, na ƙi, domin hanyar Dakta Fox ke nan. Ma'aunina yanzu tambaya ɗaya ce: idan na bi shawarar nan, mai sauraro zai ƙara iya aikinsa, ko ni ne kawai zan ƙara farin jini? Zafin maganar ko sanyinta ba sa cikin lissafi.

Da aikin ya kai ni Roni, sai na juya wa allo baya na fuskanci mutane. Na yi bayani da Hausa, na raba rajista wadda ba a rubuta komai a ciki ba, na ce kowa ya cike ta a gabana. Da dama suka yi tuntuɓe a layin saura, muka tsaya a kansa har suka iya. Nan na tuna wakilan Gwiwa da na sallama ban gwada su ba, na nemi kamfanin ya ba ni rana in koma. Na je in biya bashi, kuma na fara da neman dattijon nan in yi masa godiyar da a karon farko bakina kaɗai ya furta.